Lambar da Ta Haɗiye Hoton Baba

Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta da abokan aikinsa ke kira Ƙafa-a-Waje, domin bai taɓa zama a kan aiki hankalinsa na wurin ba. Hannunsa na kan na yau, idonsa na kan na gobe. Ko shayi a tsaye yake sha.

Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, mai shagon hoto ne. Hotunan jama'a sun yi wa kwamfutarsa yawa, idan aka nemi guda sai ta yi ta nishi. Ya roƙi ɗan ƙanwarsa ya gyara masa.

Dabarar ba ta da wuya. Kwamfuta ta fi saurin gano lamba a kan suna. Sai Ƙafa-a-Waje ya rubuta lissafin da ke niƙa haruffan sunan mutum ya fitar da 'yar gajeriyar lamba, a ajiye hotonsa a ƙarƙashinta.

Abokiyar aikinsa da ke teburin kusa ta leƙo allonsa, ta ce, "Lambobin nan sun yi gajarta. Wata rana suna biyu za su faɗa lamba ɗaya. Me zai faru da hoton farko?"

"Na biyun ya hau kansa," in ji shi, yana neman makullin babur.

"To ka sa ta duba mana. In ta tarar da wani a wurin, ta matsa gaba."

Ya yi dariya. "Ke dai Uwar Fargaba! Shagon Kawu ne fa, ba filin jirgi ba. Mutum nawa ke shiga?"

"Biyu ma sun isa," ta ce.

Bai ji ba, ya riga ya kai ƙofa.

Manhaja ta yi aiki. Kawu yana ta nuna wa masu zuwa, yana cewa ɗansa ya koya wa kwamfuta gudu.

Ana nan, rufin ɗakin Inna, mahaifiyar Ƙafa-a-Waje, ya yi yoyo, ruwa ya shiga hoton marigayi mijinta da ke rataye a bango. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, domin mutumin bai son tsayawa gaban kyamara. Takardar ta manne da gilashi. Kawu ya yi dabara, ya fara kwafe hoton cikin kwamfuta da sunan marigayin kafin ya taɓa shi. Da ya zo ɓamɓarewa, fuskar ta bi gilashi ta dagargaje.

"Kada ki damu, ƙanwata," ya ce. "Yana cikin na'urar ɗanki. Babbar takardar hoto na zuwa, zan wanke miki wanda ya fi na da."

Takarda ta yi jinkiri. Kullum Inna sai ta kalli ƙusar da ke bango, ta tambayi ɗanta ko an kawo. Shi kuwa yana amsawa daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa.

Ran da takarda ta iso, suka je shagon tare. Inna ta zauna a benci, sabon firam a cinyarta. Kawu ya rubuta sunan marigayi. Sai ga fuskar wani saurayi mai tabarau, wanda ya zo hoton fasfo cikin makon.

Kawu ya goge, ya sake rubutawa a hankali. Saurayin dai.

Inna ta matso da fuskarta kusa da allo. "Yaya, wannan ɗan waye?"

Ƙafa-a-Waje ya karɓi kujerar. Ya duba lambar sunan mahaifinsa, ya duba ta sunan saurayin. Sunayen ko kama ba su yi ba, amma lambar guda ce. Ya tona ko'ina. Ya kira Uwar Fargaba, ta baro aikinta ta zo, ba ta ce masa "na faɗa maka" ba. Suka nema tare har ta ɗaga hannu daga kwamfutar, ta girgiza kai.

"Babanku fa?" in ji Inna. "Ka ce ta fito da shi mana."

Ya mayar da idonsa kan allo.

A wurin ya ƙara gyaran da aka ce ya yi tun farko. Shayin da Kawu ya ajiye masa bai huce ba ya gama.

Inna ta tafi gida da firam ɗinta, ta rataye shi a ƙusar haka nan, babu kowa a ciki. Yanzu idan ɗanta ya zo gaishe ta, yakan cire takalmi, ya zauna a ƙarƙashinsa ya daɗe. Wani lokaci yakan roƙe ta ta sake faɗa masa yadda girar babansa take.

Darasi: Aikin da ka bari rabi saboda gaggawa yana nan yana jira, kuma ba ka san a kan wa zai faɗo ba. In an nuna maka ɓaraka, zauna ka toshe ta tun gyaran na da sauƙi, domin ba duk abin da ya ɓata ke dawowa ba. Ku tura wa wanda kuka san ƙafarsa kullum tana waje.