Gashin Asher da Almakashin Baba Idrissa

Akwai wani tsohon wanzami, Baba Idrissa, mutumin Damagaram, da ya zo Gaithersburg wajen 'yarsa Ɗija don a duba masa gwiwa. Shekara arba'in yana aski. Ko da zai taho Amurka bai bar zabirarsa a gida ba.

Maƙwabtansu Yahudawa ne, Alexander da matarsa Sophia, da ɗansu Asher wanda ya kusa cika shekara uku. Yaron ba ya zama. Yau ya jefa cokali a bayan firiji, gobe ya sa takalmin babansa a kwandon shara. Ranar Juma'a kuwa, kafin a ɗora burodin ranar hutunsu ta Asabar a kan tebur ya riga ya ciji gefensa. Kullum da hantsi sai ya rugo inda tsohon ke shan rana a ƙofar gida, ya cire masa hula ya gudu. Kalmar Hausa ɗaya ya tsinta a bakinsa: "Bari."

Tsohon yana son yaron. Gashinsa ne ba ya so, don ya sauko har kafaɗa, ana ɗaure shi da roba.

"Ɗa namiji da kai kamar na 'yar tsana," ya ce wa Ɗija. "Mu ranar suna muke askewa. Ki ce su kawo shi, minti biyar ne."

"Baba, al'adar gidansu ce. Ba a taɓa kan ɗa namiji sai ya shekara uku. Ranar sai dangi su taru, kowa ya yanki kaɗan. Kakansa ne zai fara. Tsoho ne tukuf, Lahadi za a kawo shi daga New York."

"Hm," in ji Baba.

Ranar Alhamis da azahar Sophia ta ƙwanƙwasa ƙofa, Asher a kafaɗa, idonta ya yi ja. Yaron ya samo cingam a motar babansa, ya tauna, ya yi barci da shi. Ya manne a gashin goshi har gindi, curi guda. Ta sa ƙanƙara, ta sa sabulu, abin sai ƙara cakuɗewa yake.

Baba ba ya jin Turanci, sai Ɗija ta fassara. "Ta ce kakan ya sha faɗa mata ranar askin nan kawai yake jira. Amma in ba makawa a yanke, gara kai da ka iya ka yanke."

Baba ya buɗe zabira ya ɗauko almakashi. Abin da ya yi wata uku yana nema ke nan. Ya kama gashin, sai ya ɗaga kai. Uwar ta juya fuskarta ga bango don kada ta gani.

Ya mayar da almakashin.

"Tambaye ta, tana da man gyaɗa?"

"Ta ce sai na zaitun."

"Shi ma mai ne. Ta kawo."

Ya zauna a ƙasa da gwiwar nan mai ciwo, ya ɗora yaron a cinya, ya ba shi hular da ya saba sacewa. Ya shafa mai, ya dinga zare gashin sili-sili da bakin mataji. Asher ya yi ta mutsu-mutsu.

"Bari," in ji yaron.

"Kai za ka bari, ɗan nema. Ni na sa ka ci?"

Ɗija ta leƙo. "Baba, abincinka ya huce."

"Ya huce ɗin."

Sai da ya yi awa biyu. Da ya gama, cingam yana cikin faranti, gashi yana kan mai shi. Sophia ta rungume ɗanta. Tsohon kuwa sai da aka kama shi ya miƙe.

Ranar Lahadi aka gayyace su. An turo kakan a keken marasa lafiya. Ya yanki gashin goshin, daidai inda cingam ya manne. Uban yaron ya matso zai karɓi almakashi, kakan ya hana shi, ya miƙa wa Baba Idrissa.

Ɗija ta sunkuyo ta raɗa masa. "Ya ce wanda ya tsare gashin shi ke da yanka na biyu."

Da dangi suka gama, Baba Idrissa aka ba ya ƙarasa askin. Sophia ta nuna masa gashin gefen kunne, ta ce a bar shi.

"Wannan ma al'ada ce?" ya tambayi Ɗija.

"Ita ce, Baba."

Ya bar gashin, har da gyara masa kwanciya.

Da suka fito Ɗija ta ce, "Baba, shekara arba'in kana aski, yau sai ga shi an girmama ka don ka ƙi askewa."

"Hm," ya ce. "Almakashinsu ba kaifi."

Darasi: Abin da ka raina a gidan maƙwabcinka, wataƙila shi ne abin da yake tattali shekara da shekaru. In ya kawo maka shi cikin damuwa, kada ka yi masa yadda kake so, ka taya shi tsarewa ko da gwiwarka za ta yi ciwo. Ku tura wa duk wanda ke zaune kusa da mutanen da ba irinsa ba.