Dalilin da Ya Sa Inna Tabawa Ba Ta Zama a Da'irar da Ta Haɗa

Dalilin da ya sa mai haɗa injin ƙarfi ba ta zama a cikinsa, shi zan gaya muku yau, yara. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce musu bakteriya. Kowace ɗaya kamar gari ce mai ganuwa, kuma a jikin ganuwar akwai inji mai juyawa wanda yake samar wa garin ƙarfin rayuwa. Akwai wadda take taimakawa a haɗa injin, amma idan ya kammala, ba a samunta a cikinsa. Ga yadda tatsuniya ta ce abin ya faro.

A da can babu inji. Ruwa mai tsami yana bayan ganuwa yana neman hanyar shiga, mutanen gari kuwa suna ciki suna ramewa, domin babu abin da zai niƙa musu abinci. A cikin ganuwar akwai samari 'yan gida ɗaya, tsawonsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya, amma kowa yana yawonsa shi kaɗai. Akwai kuma wata tsohuwa, Inna Tabawa, wadda ba ta da ɗa, ba ta da jika.

Ita ce ta lura cewa idan samarin suka haɗa kafaɗa suka yi da'ira, ruwan zai riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar kafa, su juya, su juya dutsen niƙa. Sai ta kira gayya, ta bi su tana jawowa.

Ta ce wa babbansu, "Jatau, matso kusa da ƙanenka. Ba ya cizo."

Ya ce, "Inna, warin gumi gare shi."

Ta ce, "Kai naka turare ne? Matso!"

Haka ta yi ta fama har da'ira ta haɗu. Aka kawo dutsen aka ɗora, aka ɗaure. Inna Tabawa ta karkaɗe zanenta za ta tafi, sai Jatau ya ce, "Haba Inna, wanda ya kira gayya ai ba ya komawa gefe. Shigo tsakaninmu."

Kara ce kawai ya yi mata. Amma ita ta daɗe tana jiran ranar da wani zai ce mata shigo, don haka ta shiga.

Kafaɗarta ba daidai take da tasu ba. Da'ira ta cije, ta ƙi juyawa, ruwa mai tsami ya sami hanya ta gefenta yana kwarara cikin gari a banza. Rijiyoyi suka yi tsami, yara suka fara kwanciya. Samarin duk sun san dalili, amma wa zai dubi uwa ya ce mata tashi?

Wani ya ce, "Wataƙila dutsen ne ya yi nauyi."

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙwarai, dutsen ne."

Inna Tabawa tana jin sanyin ruwan yana bin haƙarƙarinta, tana kuma jin kukan yaran gari. Daga nan ta ce, "Ni kam ƙafata ta gaji da tsayuwa. Bari in je in miƙe ta, yanzu zan dawo."

Suka ce, "To Inna, sai kin dawo." Babu wanda ya ɗaga ido.

Tana zamewa, kafaɗu suka haɗu. Da'ira ta motsa, dutse ya fara kuka, gari ya farfaɗo. Ta tsaya a gefe tana jiran fuskar Jatau ta zagayo don ta yi masa sannu da aiki. Ya zo, ya wuce, kafin ta rufe baki. Ya sake zuwa, ya sake wucewa. Can gaba a jikin ganuwa ta hangi wasu samarin a warwatse, sai ta gyara ɗaurin zanenta ta nufe su.

Shi ya sa har yau, duk inda aka haɗa injin nan, Inna Tabawa ce take fara zuwa, ita ce kuma take fara tafiya. Samarin suna nan suna juyawa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ko ƙafar Inna ta miƙe.