Fatar Gwaji

A wani gari an yi wani magidanci, manomi, yana da gonar dawa da 'yan awaki. Sunan matarsa Afiniki. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya tafi neman na kansa, gida ya rage daga shi sai ita. Mutanen gari suna kiransa Baban Filibus, da sunan ɗansu na fari.

Mutumin nan yana da wani abu da ransa yake so ƙwarai, wato zane da wuta a kan fata. Ba sana'arsa ba ce, ba ya kuma sayarwa. Tun yana ƙarami yake ganin kakarsa tana zana ƙwarya da ƙarfe mai zafi, da ya girma sai ya gwada a kan fatar akuya, hannunsa kuwa ya karɓa. Idan an gama girbi, sai ya kai fatu wurin majema a jeme masa, ya hura gawayi a kasko a ƙarƙashin rumfa, ya jera ƙarafansa a ciki. Da kansa ya ƙera su, waɗansu da ƙusa, waɗansu da tsinken ƙafar keke, kowanne da ƙotarsa ta icce. Yakan zana tsuntsaye da ganyaye da sunayen mutane. In an yi aure ko an haihu, sai ya kai kyauta, ana ta sa masa albarka.

Aikin nan yana da ƙa'ida guda wadda ba a ƙetarewa. Ƙarfen da aka zaro daga wuta, ba a kai shi kan aiki nan take. In zafinsa ya yi yawa, zai huda fatar, ta yi baƙi ta ƙanƙance. In ya huce, ba zai bar alama ba. Saboda haka akan ajiye wani guntun fata a gefe, a fara dangwala ƙarfen a kansa, sau ɗaya, sau biyu, har zafin ya daidaita. Guntun nan shi ake kira fatar gwaji. Abin da wuta ta rubuta kuwa ba ya gogewa, ko da ruwa ko da mai.

Afiniki tana da littafin waƙoƙin sujada wanda aka ba ta ranar aurenta. Bangonsa ya yage, har ta riƙa naɗe shi a leda. Wata rana tana kwashe tokar kaskonsa, sai ta ce masa cikin wasa, kowane gida a garin nan akwai aikinsa, sai dai hannun mai kwashe masa toka ne babu. Ya yi dariya, ya ce ta yi gaskiya. A ranar ya zaɓo fata mai laushi, ya auna littafin, ya yanka daidai. Ya rubuta sunanta da fensir a tsakiya, ya sa ƙarfe a wuta. Ya ƙona harafin A, ya ƙona F. Yana shirin na uku ke nan sai aka yi sallama. Wani maƙwabci ne, 'yarsa za ta yi aure nan da mako biyu, yana so a yi wa angon jaka. Baban Filibus ya ture fatar matarsa gefe, ya ce a ransa, wannan ai ta gida ce, ba ta gudu.

Bayan jakar ango sai wani aikin ya zo, bayansa wani. Ran nan ya zaro ƙarfe jajawur, ya duba inda yake ajiye fatar gwaji, babu ita, kare ya ja ta. Ƙarfe yana hannu, yana hucewa. Abin da ya fi kusa da shi shi ne fatar Afiniki. Ya ce bari ya ɗan taɓa a can gefe, wurin da za a naɗe ciki, ba wanda zai gani. Ya taɓa. Ƙauri ya tashi, wurin ya yi baƙi. Kashegari ma bai nemi wani guntu ba, tun da ga wannan a kusa.

Haka aka yi rani uku. Afiniki ta tuna masa sau ɗaya, ya ce bayan Kirsimeti. Ta sake tuna masa, ya ɗaga murya, ya ce ba ta ganin aikin mutane ya yi masa yawa? Daga nan ba ta ƙara magana ba. Shi kuwa ya ji daɗin shirun, ya ɗauka ta manta. Da fatar ta cika da ƙuna har ba wurin dangwala ƙarfe, sai ya jefar da ita bayan rumfa, inda ake zubar da toka.

A shekara ta huɗu dattawan ikkilisiya suka roƙe shi ya yi babban zane a kan fata wanda za a rataye a gaban mumbari ranar godiyar girbi. Mako biyar ya yi a kansa. Ya zana zangarniyar dawa, ƙwaya ƙwaya, da kurciya a bisa, da reshen inabi yana zagaye gefen. Ranar da aka rataye shi, fasto ya kira sunansa a gaban jama'a, aka tafa, ya sunkuyar da kai kamar ba ya so, amma zuciyarsa fari fat.

A cikin baƙin ranar akwai wani tsoho, Baba Dogara, baduku ne tun gado, ya zo gaishe da 'yarsa da take aure a garin. Da aka tashi sujada sai ya je ya duba fatar, ya shafa ta da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya fito ya tarar da Baban Filibus a gindin bishiya, mutane sun kewaye shi. Ya ce masa shekara hamsin yana taɓa fata, bai ga wuri ko ɗaya a zanen nan da wuta ta wuce gona da iri ba.

"Kai fa ɓata lokacinka kake yi a gona," in ji tsohon. "Da a garinmu kake, da tuni ka kore mu daga kasuwa."

Aka yi dariya. Ana cikin haka Afiniki ta zo ta durƙusa ta gaishe da tsohon, aka ce masa matar gwanin ce. Littafinta yana ƙarƙashin gyale, sai ya zame ya faɗi a gabansa. Baba Dogara ya riga ta ɗauka. Bangon fata ne, amma duk ƙuna, wani wuri baƙi, wani wuri huji, an ɗinke gefensa da baƙin zaren kitso. Tsohon ya juya shi, ya kwashe da dariya.

"'Yata, wane azzalumi ne ya yi miki wannan? Ga gwani a ɗakinki, kina yawo da abin da ko ɓera ba zai ci ba?"

Afiniki ta sunkuyar da kai. Ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma so ta tona mijinta. Ta ce a hankali, "Shi ne ya yi mini, Baba."

Mutane suka yi dariya, suna tsammani zolaya ce. Tsohon ma ya buɗe baki zai ƙara wata, sai idonsa ya sauka a tsakiyar fatar. Ga A, ga F, tsaf da su, da 'yar lanƙwasar nan a ƙafar harafi irin wadda ya gani yanzun nan a gaban mumbari. Ya gane hannu ɗaya ne. Ya kuma gane sauran ɗigon, gama shi ma yana da fatar gwaji a rumfarsa. Dariyarsa ta tsaya. Ya miƙa mata littafin da hannu biyu, bai dubi mijin ba, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Da a ce tsohon ya zagi mijin, da ya fi masa sauƙi. Baban Filibus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata nawa matarsa take zuwa sujada da littafin nan, a gida ɗaya suke kwana, hanya ɗaya suke bi, bai taɓa duban abin da yake hannunta ba. Aka kawo abincin godiya, ya kasa kai loma baki. Mutane suna ta zuwa suna yaba masa zane, kowace yabo tana sukarsa. Ya sulale ya tafi gida.

Da Afiniki ta dawo ta same shi zaune a ƙarƙashin rumfa, kasko ba wuta. Ya tambaye ta abin da ya sa ta tsinto abin da ya yar.

"Sunana ne a kai," ta ce, "ko da rabi ne. Na zo zubar da toka na gan shi. Ban iya zuba masa toka ba."

Ya sauka daga kujera ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ya ce ya yi mata laifi, ya yi wa Allah laifi, ta gafarta masa. Ya ce akwai wata fata da ya ɓoye, wadda ta fi duk fatun da ya taɓa samu, gobe zai yi mata sabon bango, da furanni, da kurciya, ya ƙone wannan kada kowa ya ƙara gani.

Ta ce ta gafarta masa, amma sabon bango ba ta so. "Baban Filibus, tashi. Wanda ka fara shi za ka ƙarasa. Saura harufa biyar."

Ya ce ai ba sauran wuri mai kyau. Ta ce ya nemi wuri a tsakanin ƙunan, ita ma a tsakaninsu ta zauna shekara uku.

Sai ya tashi ya hura gawayi. Da ƙarfe ya yi ja, ya shiga ɗaki ya ɗauko kyakkyawar fatar nan da ya ɓoye, ya shimfiɗa ta a gefe, ya dangwala ƙarfen a tsakiyarta har zafin ya daidaita. Sa'an nan ya kai hannu kan littafin matarsa. Harufan ba su tsaya a layi ba, wani ya hau, wani ya sauka, don yana kauce wa huji. Sunan ya fito a karkace, amma ya cika. Da shi take zuwa sujada har yau, ba ta kuma ɓoye shi a gyale.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ƙarfen nan harshenmu ne, wutar kuwa ita ce abin da yake cikin zuciya, gajiya da fushi da ɓacin ran da muka kwaso a waje. Zanen da aka rataye a gaban mumbari shi ne halin da muke nuna wa mutane, gaisuwa mai daɗi, da addu'a mai tsari, da haƙuri da baƙo. Fatar gwaji kuwa mutanen gidanmu ne. Da yawa daga cikinmu muna fita da zafi daidai ne domin mun riga mun sauke wanda ya yi yawa a kan wani a gida. Miji yana yi wa matarsa haka. Mace ma takan tsawata wa 'ya'yanta har su yi kuka, ta ɗaura ɗankwali ta tafi zumuntar mata tana murmushi. Ku yara kuma, kun san yadda kuke magana da malaminku, kun san yadda kuke magana da ƙannenku.

Ku lura, mutumin nan bai tashi da nufin mugunta ba. Ya ce ne kawai, ta gida ce, a gefe ne, ba wanda zai gani. Da shirun matarsa ya yi tsawo, sai ya ɗauka lafiya ce. In wani a gidanku ya daina tuna muku alkawarin da kuka yi masa, kada ku ji daɗi, ku ji tsoro. Mutane suna duban abin da aka rataye a gaba, Ubangiji kuwa yakan sunkuya ya ɗauki wanda ya faɗo daga ƙarƙashin gyale.

Kunyar da ta kama Baban Filibus alheri ce daga Allah, gama ita ta kai shi ga durƙusawa. Amma tuba ba ta goge ƙuna. Mukan so mu kawo sabuwar kyauta, a ƙone tsohon zance, a yi kamar ba a yi ba. Allah yana gafartawa sarai, duk da haka yakan komar da mu wurin mutumin nan da muka ƙona, mu zauna mu dubi abin da hannunmu ya yi, mu ƙarasa abin da muka fara, ko da zai fito a karkace.

In kun koma gida yau, ku duba hannun wanda kuke zaune da shi, ku ga abin da yake riƙe da shi. Gobe kuma in ƙarfe ya yi ja, kafin ku dangwala shi a kan abin da ya fi kusa, ku tsaya ku karanta sunan da yake a kai.