Malam Jibo da Mujallar Kwana Uku

Malamin da ya buga binciken da ba wanda ya tantance, ya kira shi ilimi, mai algus ne. Da shi da mai zuba tsakuwa a buhun hatsi, halinsu ɗaya. Ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Malam Jibo, yana koyar da aikin gona a wata jami'a. Shekara tara yana mataki ɗaya. A wurin, ba a ƙara wa malami girma sai ya kawo takardun binciken da mujalla ta buga. Saura masa ɗaya tak, kwamiti kuwa zai zauna bayan wata guda.

Takardar tana hannunsa. Ya gwada wani garin ganye ne, ko zai hana ƙwari cin wake a rumbu. Wata biyu wake lafiya lau, a na uku ƙwari suka gama da shi. Haka ya gani, haka ya rubuta.

Maƙwabcin ofishinsa, Dakta Maikano, ya buɗe mujalla tasa ta kansa. Ka biya Litinin, ka ga sunanka Alhamis. Mujallar kirki kuwa, sai masana sun tsefe aiki, ko da zai kai wata shida.

Maikano ya leƙo ya ce, "Malam, ɗalibanka fa sun fara zama iyayen gidanka. Kawo takardar nan. Cire wata na ukun kawai, wa ke son labarin maganin da bai ci ba?"

"Dakta, ai a wata na ukun mai wake yake fitar da shi kasuwa."

"Manomi yana karanta mujalla ne?"

"Malamin gona yana karantawa. Shi kuma manomi da maganarsa yake aiki."

"To, zauna nan har ka yi furfura."

"Na zauna."

Ya aika wa mujallar kirki takardar. Suka dawo da ita da gyara, ya gyara. Suka sake dawo da ita, ya sake gyarawa. Kwamiti ya zauna, ya tashi, babu sunan Jibo. Sai bayan shekara ta fito, da watanta na uku a ciki, sannan ya samu matakinsa.

Kai malami, kai ɗalibi, ku ji da kyau: abin da ka gani shi za ka rubuta, kuma ka kai shi inda za a iya ce maka ka yi kuskure. Idan jira ne kuɗin gaskiya, ka jira.

Maikano kuwa ya nemi zama farfesa, aka aika takardunsa ga wani masani na wata jami'a. Masanin ya buɗe mujallar Maikano, inda aka buga takardun, ya ga sunan kansa cikin masu tantance ta, alhali bai taɓa jin labarinta ba. Ya rubuto wa jami'ar. Aka soke takardun duka, aka kori Maikano daga aiki.