Ƙafar Sarkin Fawa da Harshen Lantana

An ce wai a wani gari an yi wani tsohon alƙali, Malam Barau, wanda ya ajiye aiki amma mutane suka ƙi ajiye shi. Duk rigimar da ta gagari mutanen gari, zaurensa ake kai ta.

A asibitin garin akwai wata nas mai suna Lantana, ita ke kula da ɗakin masu rauni. Hannunta akwai albarka, bakinta kuwa sai dai addu'a. Ka san halinmu wajen dubiya: mutum ɗaya ke kwance, unguwa guda ta taso da kwanuka, wannan ya zauna bakin gado, wancan ya ɗaga bandeji ya leƙa, wata ta kwance ƙullin garin magani daga haɓar zane. Lantana kora take yi, ba ta duban furfura balle rawani.

Ana nan sai aka kwantar da Sarkin Fawa Ɗanjuma. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafa, har likitoci sun fara maganar yankewa. Lantana ta dage da wankin ciwon safe da yamma, ta hana shi duk abin zaƙi. Ran nan surukansa suka zo dubiya da fura an dama da zuma. Ta shigo ta tarar ya kafa kai a ƙwarya, ta fizge ta, ta ce masa duk da furfurarsa yaron goye ya fi shi hankali. A gaban surukai ta faɗa, mutanen da ko ido ba ya iya haɗawa da su.

Ƙafa ta warke, zuciya ta ƙi. Yana komawa gida ya tara duk wanda Lantana ta taɓa yi wa tsawa, kuma ba kaɗan ba ne, suka je wa babban likita suka ce sai an kore ta. Likita ya rasa yadda zai yi. In ya kore ta ya rasa hannun da babu kamarsa, in ya bar ta gari zai ce asibiti ba ya ganin mutuncin kowa. Sai ya kai maganar zauren Malam Barau.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya sa tsohuwar riga ya tafi asibitin kamar mai dubiya, ya zauna bakin gadon wani. Bai gama gaisuwa ba Lantana ta tashe shi da tsawa, ta nuna masa ƙofa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don rabonsa da a ɗaga masa murya tun yana gaban malaminsa. Amma kafin ya fita ya ga wanda ke gadon ƙurya: Sallau, ɗan farin Sarkin Fawa, magidanci, wanda wani bijimi ya soka da ƙaho a ciki a mahauta. Lantana ta durƙusa tana wanke raunin a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ranar shari'a zaure ya cika. Masu ƙara suka yi ta faɗin abin da ta yi musu, ba kuwa wanda ya yi ƙarya. Lantana ta sunkuyar da kai, ba ta musa ko ɗaya ba. Aikin da ta tsufa a cikinsa ne ke shirin kuɓuce mata.

Malam Barau ya ce, "Na ji, kuma ni ma shaida ne, don ni ma ta kore ni. Amma asibiti na gari ne, ba zan hana wanda bai yi ƙara ba hannunta. Ga hukuncina: daga yau Lantana ba za ta ƙara taɓa wanda ya kawo ƙararta ba, shi da duk wanda ke gidansa. Wanda ya yarda ya miƙe tsaye."

Kowa ya tuna da tsohuwarsa ko da ɗansa, ba wanda ya motsa. Malam ya juya wajen Lantana ya ce tunda Sarkin Fawa ne jagoran ƙara, ta fara da gidansa, in ta koma ta miƙa mai gadon ƙurya ga wata nas.

Sarkin Fawa ya yi gumi. Mutum ne mai kunyar ɗan fari, tun da aka haifi Sallau bai taɓa kiran sunansa ba, ko dubiyarsa bai shiga ba, sai dai ya tsaya a waje ya tambayi jikin "wancan". Ya miƙe a kan ƙafar da aka so yankewa.

"Allah gafarta Malam, ban tashi don na yarda ba. Kada a ɗauke hannunta daga kan Sallau. Sallau ɗana ne. Na janye."

Dattawan da ke wurin suka kawar da kai don tausayi. Lantana kuwa, da ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta rufe fuska da mayafi.

Malam Barau ya ce mata, "'Yata, kin ga abin da hannunki ya saya miki. Amma ki lura, duk cikin zauren nan tsoron rasa ki ake yi, ba wanda ya ce yana murnar ganinki. Za ki koma aikinki, sai dai kafin nan ki je gidan surukan bawan Allahn nan ki mayar masa da mutuncinsa a idon waɗanda kika zubar da shi a gabansu."

Ta je, ta durƙusa ta ba da haƙuri. Daga nan ta wuce asibiti, don lokacin wankin ciwon Sallau ya yi.

Masu hankali suka ce: mai jinya ya tuna marar lafiya da mutuncinsa ya kwanta, kuma da shi yake so ya tashi. Wanda ya warke kuma, kafin ya kai ƙarar bakin da ya yi masa tsawa, ya dubi ƙafar da za ta kai shi wurin ƙarar.