Ajiyar Hamman a Cikin Rumbu

A wata rugga da ke gindin duwatsu, can wajen Doguwa, an yi wani magidanci mai suna Hamman. Mutum ne mai ƙwazo, ga kiwo ga noma, kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, son a gani. In ya sayi agogo, hannun rigarsa ba ya sake sauka. In ya sayi takalmi, sai ya riƙa zama yana miƙe ƙafa a gaban mutane.

Gonarsa ta masara tana manne da duwatsun, duwatsun kuwa gidan manyan birai ne, irin waɗanda ake kira gwaggon biri. Kowace shekara da zarar masara ta yi goyo sai su sauko garke guda. Abin da ke tsare gonar shi ne wata doguwar bindiga mai baki ɗaya da Hamman ya gada wajen mahaifinsa, da lasinta da komai. Ba kisa ake yi da ita sosai ba. A harba da safe, a harba da la'asar, birai su koma kan dutse su yi ta haushi daga nesa. Da wannan masarar gidan yake ci har wata damina.

Da shekarun tsadar kaya suka shigo, bayan shekarar alif ɗari tara da tamanin, sai harsashi ya yi wuya. Sai an je Kano, a can ma sai an sha yawo. Baffa Ɗantani, ƙanen mahaifin Hamman, tsoho ne mai ciwon gwiwa wanda ba ya zubar da komai. Ya daɗe yana tsince kwanson harsashin da aka harba yana tarawa a wata tsohuwar jaka. Wata rana ya kira Hamman ya zazzage masa su a kan tabarma.

"Mudi maƙeri na Tudun Wada yana da kayan ɗura harsashi na sayarwa," in ji shi. "Ƙarfen matse baki, da ma'auni, da albarushi, da dalma. Ka sayar da ɗan bijimin nan ka sayo su. Kwanson nan duk za su sake zama harsashi, mu huta da zaryar Kano."

"To, Baffa. In Allah ya kai mu ranar kasuwa."

Ranar kasuwa Hamman ya sayar da bijimi, ya nufi rumfar Mudi. Ya ga kayan, kuma gaskiya ba su burge shi ba. Wasu baƙaƙen ƙarafa ne a cikin tsumma, ba abin da mutum zai rataya a tambaye shi inda ya samo. Ya ce zai zaga ya dawo.

A zagayen ne ya haɗu da Ubale, wani ɗan kamasho a tasha, wanda ke jin ƙanshin kuɗin shanu tun daga nesa.

"Ardo da kansa! Zo in nuna maka abin manya."

Ya ja shi bayan wata babbar mota, ya kwance wani ƙyalle. Ƙaramar bindiga ce, baƙa wuluk, tana sheƙi, ta zauna a tafin hannun Hamman kamar don shi aka ƙera ta. Tare da ita akwai 'yan harsasai da ba su cika hannu ba.

"Waccan doguwar taka ai ta tsofaffi ce," in ji Ubale. "Wannan a aljihu ake sa ta. Duk kewayen nan ba mai irinta."

Kalmar ƙarshen nan ita ta gama da Hamman. Ya tuna kwanson Baffa, ya tuna masara, amma sai ya ce wa zuciyarsa ai bindiga bindiga ce, biri bai san doguwa da gajera ba. Kuɗin ba za su isa abu biyu ba, ya zaɓi mai sheƙi.

Da Hamman ya koma gida, Baffa ya karɓi bindigar ya juya ta a hannu.

"Wa za ka harba da wannan?"

"Birai mana, Baffa."

"Sai dai in za su zo su ba ka hannu ku gaisa. Kuma ka sani, wannan ba ta da takarda. Ranar da wani ya gan ka da ita, ranar za ka kwana a hannun 'yan sanda."

Hamman ya karɓi bindigarsa. Abin da ya saya don a gani, ya zama abin da ba ya so ko matarsa Suwaiba ta gani. Ya naɗe ta a tsumma ya cusa can ƙasan rumbu, ƙarƙashin tsohon hatsi.

Masara ta yi goyo, birai suka sauko. 'Yan harsasan doguwar bindiga da suka rage ba su daɗe ba suka ƙare. Hamman ya ci gaba da saɓa ta a kafaɗa yana zaga gona babu komai a cikinta. Da farko dabarar ta yi aiki, domin biran nan sun san doguwar bindiga kamar yadda suka san damisa, da sun hango ta sai gudu. Amma suna da kunne. Da kwanaki suka wuce ba su ji ƙara ba, sai suka fara matsowa.

Wata safiya babbansu ya sauko har bakin gona. Hamman ya auna shi da doguwar bindiga, birin ya zauna yana sosa ciki yana kallonsa. Zuciya ta ɗebi Hamman. Ya ruga gida ya tono ajiyarsa, ya dawo ya shiga harbi. Ƙarar ba ta kai ta kawo ba, harsashin kuma yana faɗuwa tun kafin ya kai inda suke. Birai suka ɗan ja da baya, suka jira. Kafin rana ta yi zafi ya harbe duk abin da Ubale ya ba shi, ko gashin biri bai taɓa ba. Ya mai da ita rumbu yana huci.

Da kasuwa ta zagayo ya bar gona ya tafi Tudun Wada neman mafita. Ya sami Ubale ya roƙe shi ko dai ya samo masa harsashi, ko ya karɓi kayansa ya mayar masa da ko rabin kuɗin.

"Wane kaya, malam?" in ji Ubale yana kallon wani wajen. "Ni ɗan kamasho ne, mota nake cikawa. Ban taɓa sayar maka da ko allura ba."

Hamman ya wuce rumfar Mudi da niyyar ya roƙi alfarma. Mudi ya ce ai ya jira shi har ya gaji, wani maharbi daga Ƙiru ya saye kayan tuni.

A wannan yinin ne birai suka shiga gonar. Suwaiba ta yi ta kaɗa garwa tana ihu, Baffa ya dogara sanda ya yi jifa iya ƙarfinsa, ba wanda suka kula. Biri ba ya cinye abin da ya karya. Ya ɓalle wannan ya gatsa ya yar, ya kama na gaba. Da Hamman ya iso da yamma, gonar tana kwance. Ya tsaya a gefe, baƙin ciki ya cika shi, kuma ya san ba wanda zai ɗora wa laifi.

Ɗan abin da aka tsince bai je ko'ina ba, aka koma kan tsohon hatsi. Tun bazara ba ta shigo ba, wata safiya Hamman ya shiga rumbu, Suwaiba tana tsaye a ƙasa da ƙwarya tana jira, yara kuma suna zaune da kwanoni. Ya share ƙasan rumbun kaf, abin da ya tara bai rufe gindin ƙwarya ba. Don ya duba ko akwai saura a ƙarƙashi, ya ɗaga ƙunshin tsumman nan ya miƙo mata ta riƙe.

Suwaiba ta kwance ta duba. A lokacin ta gane inda bijiminsu ya tafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora bindigar a cikin ƙwaryar, a kan 'yan ƙwayoyin hatsin, ta ɗaga masa.

"Maigida, wannan surfa ta ake yi, ko niƙa zan kai?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin mutum ya fitar da abin hannunsa, ya tambayi kansa wace buƙata ce ke gabansa, ba abin da zai sa a kalle shi ba. Hamman yana da bindigar da ta ishe shi, abin da ya rasa shi ne abin da zai sa ta ci gaba da aiki, kuma an nuna masa shi. Ya bar shi don ba ya sheƙi. Wanda ya fifita burga a kan buƙata yakan rasa duka biyun, kuma iyalinsa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.