Mounkaila da Iskar Ɗakin Maijego

Akwai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, a unguwar Zongo ta Parakou, sunansa Mounkaila. Duk mai zama a Gare, wato tashar mota, ya san shi, don kafin ka hango motarsa ka riga ka ji muryarsa. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai Allah ya yi shi da cika baki. Ko takalmi ya saya, sai 'yan dako sun gaji da jin labarinsa.

Da matarsa Naja'atu ta kusa haihuwar fari, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta a Djougou kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace, aka raɗa mata Asma'u. Tun ranar suna Mounkaila ya ƙudura a ransa cewa kafin maijego ta gama wankan arba'in sai ya mai da ɗakinta abin kallo.

Gidan na gado ne, rufinsa kuma irin tsohon kwanon simintin nan ne mai ruwan toka. Ya kirawo magina suka hau suka yi ta ɓamɓara. Wanda ya ƙi fita a fasa shi da guduma, wani a yanka shi da inji. Ƙura ta tashi fari fat, ta shiga katifa da labule, har cikin kwanukan jeren Naja'atu.

Aka buga sabon kwano, aka yi silin, aka shafa fenti shuɗi. Ɗaki ya yi kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Ƙurar ce ta ƙi tafiya. A share da tsintsiya, ta tashi sama, ta dawo ta kwanta. Sai gogan naku ya yi dabara. Ya je kasuwa ya sayo turaren wuta mai tsada, ya rufe ƙofa da taga, ya dinga turara ɗakin safe da yamma. A lissafinsa, iskar da ta yi ƙamshi ai ta tsarkaka.

Ya koma Gare ya ci gaba da sana'ar bakinsa.

"Ranar Juma'a maijego za ta dawo. Kowa ya zo walima, ku ga yadda ake gyara ɗaki."

Ana saura 'yan kwanaki, yayarsa Hafsatou ta zo daga unguwar Ladjifarani ganin aiki. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita kaɗai ce duk duniya ke iya sa Mounkaila ya yi shiru. Ta shiga ta yaba fenti, ta yaba silin. Sai ta shafa yatsa a bakin taga, ta tsaya tana kallon abin da ya ɗauko.

"Mounkaila, ina tsohon rufin?"

"Ga ɓaraguzansa can a bayan ɗaki, Yaya."

"Fasa shi kuka yi?"

"To da lallashinsa za mu yi ya sauko?"

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo shi tsakar gida, ta rufe ƙofar ɗakin.

"Irin wannan tsohon kwanon, da yawansa an haɗa shi da wani abu da ake ce wa amiyant. In yana sama ba a taɓa shi ba, ba ruwansa da kowa. Amma in aka fasa, wasu zaruruwa ne ke tashi waɗanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. In an shaƙe su sai su maƙale a huhu, ciwon kuma ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa."

"Haba Yaya. Koma ki shaƙa ki ji. Wannan ɗakin ne zai ba mutum ciwo?"

"Na ji ƙamshi. Turare wari yake rufewa, ba ya kwashe ƙura. Ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba. A kira masu awo su auna iskar, kafin nan kada kowa ya kwana ciki."

Mounkaila ya riƙe baki. Masu awon sai daga Cotonou, sannan a jira sakamako. Ke nan Juma'a ta rushe.

"Da wane ido zan kalli surukaina? An riga an soya alkaki, an daka nakiya, an gayyaci dangi. Mutane cewa za su yi wani abu ne ya shiga tsakanina da Naja'atu."

"Su faɗa," in ji Hafsatou. "Kai babba ne, ka shaƙi abin da ka shaƙa, Allah ya tsare. Amma yarinyar nan a ɗakin za ta wuni ta kwana. A ƙasan nan za ta yi rarrafe, ta sa hannu a baki."

Nan fa maganar ta shige shi. Bai taɓa ɗaukar Asma'u a gaban mutane ba saboda kunyar 'yar fari, amma Allah ya sani tunda ya gan ta ranar suna ba ta fita ransa ba.

Maganar ta fi ƙarfin waya, don haka washegari ya kama hanyar Djougou da kansa. Ya tarar da surukinsa Malam Sanoussi a zaure ya sallami ɗalibai. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Mutumin da ke cika Gare da murya, yau ga shi yana magana kamar mai ciwon haƙori.

"Malam, dama ɗakin ne. Wato iskar ɗakin. Ana so a auna ta tukuna."

Inna, uwar Naja'atu, tana bayan ƙyaure tana ji. Ba ta saba sa baki in suruki na nan ba, amma wannan ta kasa haɗiyewa.

"Malam, tambaye shi, da tiya ake awon iskar ko da ƙwarya? Mu da muka haihu a ɗakin kara, wa ya auna mana?"

Mounkaila ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya daure ya kwashe bayanin Hafsatou kaf ya faɗa, har da laifinsa na sa a fasa kwanon ba tare da ya tambayi kowa ba.

Malam Sanoussi ya shafa gemu.

"Ka tabbata akwai abin a ciki?"

"Ban tabbata ba, Malam."

"Ka tabbata babu?"

"Shi ma ban tabbata ba."

"To je ka tabbatar. Ni ba a yi mini laifi ba, an ƙara mini kwanaki da amaryata ce." Jikarsa yake nufi.

Inna ta yi ƙwafa ta koma ciki. Naja'atu kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Ya kira ta a hanya, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Wannan ya fi maganar Inna yi masa ciwo.

A Gare kam ba a raga masa ba. Kafin azahar an laƙa masa suna Mai-awon-iska. Wani ya hura leda ya ƙulle ya miƙa masa, wai a auna masa ta gidansu. Mounkaila ya yi yaƙe ya wuce, karon farko a tarihi da bai rama ba.

Mai awon ya iso da wata 'yar na'ura mai bututu. Ya sa abin rufe hanci, ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ta wuni tana zuƙar iska tana tacewa. Ya ɗebi ƙurar bakin taga da guntun tsohon kwanon, ya ƙulle a leda ya tafi da su labo, wato ɗakin gwaji.

Da sakamako ya fito, Hafsatou ce ta karanta masa. Akwai amiyant a kwanon, akwai a ƙurar, akwai kuma a iskar ɗakin.

Mounkaila ya nemi wuri ya zauna a bakin rijiya. Ya ce, "Da yanzu sun kwana nawa a ciki." Daga nan ya tashi ya je ya nemo maginan ya faɗa musu, don kada su sake hawa irin wannan rufin da guduma.

Aka kawo masu aikin da suka san kansa. Ba tsintsiya ko ɗaya. Da jiƙaƙƙen tsumma suka bi bango da ƙasa, da wani injin zuƙar ƙura na musamman. Ɓaraguzan bayan ɗaki aka yayyafa musu ruwa aka ɗure a buhuna aka kwashe. Katifa da labule aka ce ba su wankuwa, sai dai a rabu da su. Ya ji zafin wannan, amma ya sayo sababbi.

Aka sake awo. Wannan karon iska ta fito lafiya lau.

Ranar dawowa mota ta tsaya a ƙofar gida, mata suka yi ta sauke gara. Sabon alkaki ne, don na farko yaran Djougou sun ci rabonsu. Inna ba ta zo ba, amma ta aiko da saƙo ta bakin ƙanwarta: a gaya wa Mounkaila ta janye maganar tiya, kuma rufin kicin ɗinta ma irin wancan ne, ta hana kowa taɓawa.

Da la'asar baƙi suka ragu, ya shiga ɗakin. Naja'atu na zaune bakin gado da jaririya a cinya.

"Na yi fushi da kai," ta ce. "Na zaci ba ka ɗokin dawowarmu. Sai da Yaya Hafsatou ta kira ni ta faɗa mini abin da aka gano. Ranar na yi kuka fiye da na farko."

Mounkaila ya matso ya zauna kusa da ita. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sai ta miƙa masa yarinyar.

"Karɓi 'yarka, ba mai kallonka."

Ya karɓe ta. Asma'u na barci abinta. Ya sunkuyar da kai ya kara kunne kusa da ɗan hancinta, ya tsaya yana sauraron numfashinta yana shiga yana fita.

Darasi: Ƙamshi da ƙyallin fenti ba su ne shaidar lafiyar ɗaki ba. In za ka taɓa tsohon rufi ko silin, tambayi masana kafin ka ɗaga guduma, in kuma an riga an fasa, a auna iskar kafin iyali su shiga. Kunyar ɗaga rana da dariyar abokai suna wucewa, amma abin da ya shiga huhun yaro ba ya fita. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin gyaran gida.